Makahon Ɓeran da Ya San Gari Ya Waye

A shekarar 1991 wani masani ɗan Ingila mai suna Russell Foster, yana ɗan shekara 32 a lokacin, yana aiki a Jami'ar Virginia ta Amurka, ya wallafa wani sakamako da ya jawo masa raini a wurin manyan masana ido. Ɓeraye yake bincike a kansu, kuma ɓerayen makafi ne. Wata cuta suka gada wadda ke cinye ƙwayoyin gani na cikin ido tun suna 'yan makonni da haihuwa. Abin da Foster ya ce shi ne, waɗannan makafin sun san sa'ar da gari ya waye da sa'ar da dare ya yi, kuma da idon nan nasu da ya mutu suke sani.

Yadda ake gane haka ba wuya. Ɓera da dare yake harkarsa. In aka sa shi a keji aka maƙala masa 'yar taya, da an kashe fitila zai hau ta ya yi ta gudu, kwamfuta tana ƙirga kowane juyi. Ko an bar shi cikin duhu dare da rana ba ya barin wannan tsari, sai dai kullum yakan fara gudun da ɗan wuri fiye da jiya, domin agogon jikin ɓera bai cika awa 24 ba. Sai a zo da farkon darensa a haska masa fitila na minti 15, a kashe. Washegari za a ga ya makara wajen hawa tayar, hasken ya jinkirta masa agogo. Foster ya yi wa masu gani haka, ya yi wa makafi haka, yana rage ƙarfin fitilar mataki-mataki, bai ga wani bambanci ba. Amma ɓeran da aka cire wa ido ɗungurum, ko wace irin fitila aka haska masa, ko gezau. Ke nan akwai wani abu a cikin idon da ba ya gani, amma yana jin haske.

Foster ya sha ba da labarin yadda aka karɓi maganar. A wani taro wani ya miƙe ya kira ta shirme ya fice. Wani kuma ya tambaye shi, wato yana nufin an yi shekara 150 ana nazarin ido, duk masanan duniya ba su lura da wata ƙwaya mai jin haske ba sai shi? Tambayar ba ta banza ba ce, domin a duk sassan jikin ɗan Adam da wuya a sami wanda aka tone kamar ido.

Abin da kowa ya sani game da ido

A bayan ƙwayar ido daga ciki akwai wani siririn tantani a shimfiɗe, kaurinsa bai wuce rabin milimita ba, sunansa retina. A nan hoton duk abin da ka kalla yake faɗawa. Tun ƙarni na 19 aka san ƙwayoyi iri biyu ne ke kama hasken. Akwai masu siffar sanda, sun haura miliyan 90 a kowane ido, su ne na ganin dare. Ba su san launi ba, shi ya sa a farin wata ba ka bambance jar riga da koriya. Akwai kuma masu siffar mazurari, miliyan 5 zuwa 6, su ne na rana da launi da karanta ƙananan baƙaƙe. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani furotin da ake kira ofsin, manne da wani ɗan sinadari da jiki ke samarwa daga bitamin A. Haske na taɓa sinadarin sai ya miƙe daga lanƙwasarsa, daga nan saƙo ya tashi. Wannan ne dalilin da ya sa yaron da bitamin A ya yi wa ƙaranci yake fara dundumi, da magariba ta yi sai ya riƙa laluben bango, domin sandunan ne ke fara gazawa.

Sanduna da mazurarai ba sa magana da ƙwaƙwalwa kai tsaye. Akwai 'yan aike, ƙwayoyin gangiliyon, fiye da miliyan ɗaya a kowane ido, waɗanda dogayen wutsiyoyinsu suka haɗu suka zama jijiyar gani. Abin mamaki a ginin ido shi ne 'yan aiken nan su ne a gaba, sai haske ya ratsa ta cikinsu kafin ya kai ga sanduna da mazurarai a can baya. Kowa ya ɗauka su kam ba su san da wucewarsa ba, kamar masinjan da bai iya karatu ba, yana ɗauke da wasiƙa bai san me ke ciki ba.

Agogon da ke bukatar saiti kullum

Shi kuwa agogon jiki, nasa tarihin daban ya taho. A 1962 wani Bafaranshe mai binciken koguna, Michel Siffre, ya sauka cikin wani kogo mai ƙanƙara ranar 16 ga Yuli, ba agogo ba hasken rana. Da aka kira shi ranar 14 ga Satumba aka ce lokaci ya cika, shi a lissafinsa 20 ga Agusta ake. Ƙirgen kansa ya ɓace, amma abokansa da ke sama suna rubuta lokacin kwanciyarsa da tashinsa sun ga jikinsa bai rikice ba, yana zagayawa a kan awa 24 da ɗoriya. A 1999 Charles Czeisler na Jami'ar Harvard ta Amurka ya auna abin da kyau, ya samu cewa a matsakaici zagayen ɗan Adam awa 24 ne da minti 11.

Minti 11 kamar ba komai ba. To lissafa. A mako guda ya haura awa ɗaya. A cikin wata biyu da 'yan kwanaki ya zama awa 12, wato jikinka na neman barci da azahar, yana neman aiki da tsakar dare. Agogo ne mai kyau amma yana latti, dole kullum a saita shi kamar yadda dattijo ke gyara na hannunsa idan rediyo ta faɗi ƙarfe nawa.

An gano mazaunin wannan agogo a 1972. Wasu 'yan dunƙulen ƙwayoyi ne guda biyu, gaba ɗaya kimanin ƙwaya 20,000, a ƙasan ƙwaƙwalwa, daidai saman inda jijiyoyin ido biyu suka gitta juna. Masana na kiran wurin SCN a taƙaice. Foster da kansa yana cikin waɗanda suka rufe gardama a kansa a 1990, tare da Martin Ralph da Fred Davis da Michael Menaker. Suna da wata hamsta, dabba dangin ɓera, wadda ta gaji agogo mai awa 20. Suka lalata SCN na lafiyayyar hamsta, suka dasa mata na mai awa 20, sai ta koma rayuwa a kan awa 20. Suka juya gwajin, shi ma ya juyu. Yadda kowace ƙwaya ke ƙirga sa'o'in daga ciki kuwa, wannan aikin wasu ne: Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, da suka karɓi kyautar Nobel a 2017 saboda bincikensu a kan ƙananan ƙudaje. Ba shi ne batunmu ba yau. Batunmu shi ne wa ke gaya wa agogon cewa gari ya waye.

Tsuntsaye ne suka ba shi ƙarfin hali

Ina ganin abin da ya sa Foster bai tsorata ba shi ne ba ta ƙofar likitancin ido ya shigo ba. Ilimin dabbobi ya karanta a Jami'ar Bristol, digirinsa na uku kuma a kan salwa ya yi shi. Masu nazarin tsuntsaye sun daɗe da sanin cewa tsuntsu ba da ido kaɗai yake jin haske ba. Menaker, wanda Foster ya je aiki tare da shi a Virginia, ya nuna haka tun wajen 1968 da gwara. Ya ɗauki gwarar da ba ta da idanu ya sa a keji, ta ci gaba da bin fitila. Ya rage hasken har ta kasa bi. Sai ya fige mata gashin ka, nan take ta koma bi. Ya yi mata allurar baƙar tawada a ƙarƙashin fatar kai, ta sake ɓacewa. Hasken ta ƙoƙon kai yake ratsawa zuwa cikin ƙwaƙwalwa. Duk mai kiwon kajin ƙwai da ke bar musu fitila bayan magariba don su ƙara ƙwai, da wannan hanya yake amfani ko bai sani ba.

Mutumin da ya tashi da wannan sani, idan aka ce masa akwai mai jin haske wanda ba na gani ba, ba zai ga abin a matsayin tatsuniya ba. Tambayarsa kawai ita ce a ina dabbobi masu shayarwa suka ɓoye nasu.

Masu suka suna da hujja ɗaya mai ƙarfi. Cutar ɓerayen 1991 tana kashe sanduna duka, amma takan bar 'yan tsirarun mazurarai. Suka ce ai waɗannan ragowar ne ke aikin. Sai da Foster ya koma Landan, Kwalejin Imperial, kafin ya toshe wannan kafa. Shi da Robert Lucas da Melanie Freedman suka haɗa ɓerayen da wasu da aka dasa wa umarnin gado mai sa mazuraran su samar da dafin ƙwayar cutar mashaƙo a cikinsu su kashe kansu. Aka sami ɓera ba sanda ba mazurari ko ɗaya. A 1999 sakamakon ya fito a mujallar Science: agogonsu yana bin haske, kuma haske yana danne musu melatonin, sinadarin da jiki ke saki da dare. Bayan shekara biyu suka nuna har 'yar ƙofar nan ta tsakiyar baƙin ido tana tsukewa idan an haska su, kuma launin da ya fi tsuke ta shi ne shuɗi mai tsawon zango kusan nanomita 480 (ma'aunin da ake bambance launukan haske da shi), launin da bai dace da na sanda ko na mazurarin ɓera ba.

Wani abin takaici a tarihin nan, tun a shekarun 1920 wani ɗalibi a Harvard, Clyde Keeler, wanda shi ya fara gano irin waɗannan makafin ɓeraye, ya rubuta a 1927 cewa ƙofar idonsu tana tsukewa da haske. Aka karanta aka wuce, har shekara 70.

Amsa daga fatar kwaɗo

An yarda akwai wani abu. Amma mene ne, kuma a wace ƙwaya yake? Amsar farko daga inda ba a zata ba ta fito. Ignacio Provencio, tsohon ɗalibin Foster, yana nazarin fatar wani kwaɗon Afirka mai farce. A fatar akwai ƙwayoyin da ko an ciro su an sa a faranti, in an haska su sai su baza baƙin launinsu su yi duhu. A 1998 ya ciro furotin ɗin da ke sa su jin hasken, ya raɗa masa suna melanofsin. A 2000 ya nemi irinsa a idon ɓera da na biri da na mutum, ya same shi, kuma ba a layin sanduna da mazurarai ba. A cikin 'yan ƙalilan daga ƙwayoyin gangiliyon yake, 'yan aiken nan da aka ce ba su iya karatu ba. Kwaɗo dai ya yi wa wannan fanni rana sau biyu, domin shi ma melatonin, da Aaron Lerner ya ciro daga ƙwaƙwalwar shanu a 1958, da fatar kwaɗo aka gane shi, yana sa ta yin fari.

Wanda ya kama ɓarawo da kaya a hannu shi ne David Berson na Jami'ar Brown. Dabararsa ta burge ni. Ya zuba rini mai ƙyalli a cikin SCN na ɓera, rinin ya bi jijiya ya koma baya har cikin ido, ya shafa wa ƙwayoyin da ke aika wa agogo saƙo alama. Sai ya ciro retinar, ya zuba magungunan da ke toshe duk wata magana daga sanduna da mazurarai, ya manna siririn bututun gilashi a jikin ƙwaya ɗaya mai alamar, ya kunna fitila. Da farko shiru, na wasu daƙiƙoƙi. Sannan ƙwayar ta fara harba saƙo, ta ci gaba, har bayan an kashe fitilar ba ta tsaya nan da nan ba. Ya ware ƙwayar ita kaɗai daga sauran, ta sake amsawa. A fitowar Science ɗaya da rahoton Berson, a Fabrairun 2002, Samer Hattar, haifaffen Amman ta ƙasar Jodan, tare da King-Wai Yau na Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa waɗannan ƙwayoyin su ne masu melanofsin, suka rina wutsiyoyinsu aka ga inda suka nufa a ƙwaƙwalwa. A 2003 aka kashe hanyoyin uku gaba ɗaya a ɓera ɗaya, sanda da mazurari da melanofsin, sai duk wani jin haske ya ɗauke. Ba na huɗu.

A idon mutum waɗannan ƙwayoyin ba su kai ɗaya cikin ɗari na gangiliyon ba, 'yan dubbai ne kawai, amma kowace ta baza rassanta da faɗi har suka zama kamar koma a kan retina. Shi ya sa aka yi ta tsallake su.

Tsohuwar da ta ce ba ta ganin komai

Tun 1995 Czeisler ya ga alamar abin a mutane. Ya gwada makafi 11 da ba sa ganin ko walƙiya, ya haska musu fitila mai ƙarfi da dare. A uku daga cikinsu melatonin ya sauka kamar na mai gani, kuma da aka rufe wa biyu daga cikinsu idanu aka maimaita, bai sauka ba. Waɗannan ukun ba su da matsalar barci, alhali yawancin sauran suna fama.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai na 2007 ne, wanda ƙungiyar Foster, da ya koma Oksfod a lokacin, ta yi tare da ta Harvard. Wata tsohuwa 'yar shekara 87, cutar gado ta cinye mata sanduna da mazurarai, ta yi shekaru da dama ba ta san haske ba. Aka zaunar da ita a ɗaki mai duhu. Za a ba ta lokaci biyu a jere, a ɗaya fitila na kunne a ɗaya tana kashe, ta faɗi wanne ne. Ba gani take ba, aka ce to ta yi canke kawai. Da sauran launuka cankenta bai wuce na mai jefa kwabo ba. Da aka zo kan shuɗin nan na kusan 480, sai ta riƙa dacewa fiye da yadda sa'a za ta bayar, ta kuma ce tana jin wani abu kamar haske-haske. Ƙofar idonta ma ta tsuke. Ɗayan da aka gwada, namiji ɗan shekara 56, shuɗin haske ya danne masa melatonin ya kuma wartsakar da shi, kore bai yi haka ba.

Halinta daban da na masu gani

A nan ne binciken ya taɓa rayuwar kowa. Sanda da mazurari masu gaggawa ne, kuma masu sabo ne. Ka fito daga rana ka shiga ɗaki, da farko duhu, kafin minti biyu ka ga komai garau, har ka ce ɗakin da haske. Aikinsu ke nan, su daidaita kansu don ka ga abin da ke gabanka ko a wane hali. Ƙwayar melanofsin ba ta wannan sabon. Ba ruwanta da hoto, ba ruwanta da abin da ya gifta. Tana da nawa, tana bukatar haske mai yawa kafin ta motsa da kanta, in kuma ta motsa tana iya ci gaba da ba da rahoto. Wani bincike na 2012 ya bi ta har awa 10 ba ta gaji ba. Tambaya ɗaya take amsawa: nawa ne hasken duniya yanzu? Takan karɓi taimako daga sanduna da mazurarai idan hasken ya yi rauni, amma ko shi ta hanyarta yake bi kafin ya isa agogo.

Kuma lokacin da hasken ya zo shi ke yanke abin da zai yi. Na safe yana jawo agogo gaba, ka ji barci da wuri ka tashi da wuri. Na farkon dare yana jinkirta shi. Tunda namu agogon mai latti ne, hasken safe ne ke biyan bashin minti 11 ɗin nan kullum.

Yanzu dubi lambobi. Ana auna haske da ma'aunin luks. Kyandir ɗaya daga nisan mita ɗaya luks 1 ne. Cikakken farin wata bai kai 1 ba. Ɗakin zama ko ofis yawanci tsakanin 100 ne da 300 ko 500. A waje, ko da hadari ya rufe sama, ana samun 1,000 zuwa sama, tsakar rana kuma takan kai 100,000. Idonka na gani yana ce maka ofis da inuwar bishiya kusan ɗaya ne, amma a wurin ƙwayar agogo bambancin na iya ninkawa goma ko ɗari. Wanda ya fito daga gida ya shiga mota ya shiga ofis mai labule ya dawo bayan magariba ya kunna farar fitila, a lissafin ƙwaƙwalwarsa ya wuni cikin almuru ne, ba rana sosai ba dare sosai.

Kenneth Wright na Jami'ar Colorado ya gwada wannan a 2013 ta hanya mafi sauƙi. Ya ɗauki mutum takwas ya kai su daji a duwatsun Rocky mako guda, ba tocila ba waya, sai rana da wutar itace. Da suka dawo, melatonin ɗinsu yana fara fita kimanin awa biyu da wuri, daidai faɗuwar rana, kuma waɗanda suka saba raba dare su suka fi gyaruwa. Hasken da suka sha da rana ya ninka na gida fiye da sau huɗu.

Shi kuma Till Roenneberg ya duba dubban Jamusawa a 2007, ya ga cewa duk da agogon bango ɗaya suke bi, na gabas sun fi na yamma saurin kwanciya da tashi, daidai da tafiyar rana. Mu wannan ba baƙon abu ba ne. Nijeriya lokaci ɗaya take bi, amma mutumin Maiduguri yana shan ruwa da azumi kusan rabin awa kafin na Sakkwato. Jiki da rana yake lissafi, kamar yadda ladan ke yi.

Sai batun waya, wanda a kansa aka fi cika baki. Da labarin shuɗin haske ya bazu, 'yan kasuwa suka yi caraf suka fito da tabarau masu tace shuɗi, wayoyi kuma suka zo da yanayin dare mai ruwan ɗorawa. Binciken da aka fi kafa hujja da shi na Harvard ne na 2015. Mutum 12 suka yi karatu a iPad da aka ƙure wa haske, awa huɗu kowane dare, dare biyar a jere. Melatonin ɗinsu ya jinkirta da kusan awa ɗaya da rabi, wannan gaskiya ne. Amma barcin da minti 10 kacal ya makara, kuma mutanen sun wuni ne a ɗakin gwaji mai raunin haske. Foster da kansa yakan nuna wannan minti 10 idan ana zuzuta maganar. A ganina abin da ke hana mai waya barci ya fi zama abin da ke cikinta, rigimar Facebook da bidiyon da ba ya ƙarewa, fiye da launin fuskarta. Wannan ba ya nufin hasken dare ba ya komai. Wani bincike a Ostareliya a 2019 ya samu cewa mutane sun bambanta fiye da ninki 50: wani hasken da bai wuce na 'yan kyandirori ba ya isa ya danne masa rabin melatonin, wani sai an kai ɗaruruwan luks. Don haka idan abokinka ya ce shi ko a ƙarƙashin fitila yana barci lafiya, da gaskiyarsa, amma ba lallai ta zama taka ba.

A 2022 wasu manyan masana fannin suka haɗu suka ba da shawara da lambobi, bisa ma'aunin da aka gyara don ƙwayar melanofsin: aƙalla luks 250 a ido da rana, kada ya wuce 10 a awa uku kafin kwanciya, kada ya wuce 1 a ɗakin barci. Yawancin gine-gine suna faɗuwa a na farko. Mu da rana ba ta yi mana rowa, zama a ƙofar gida ko tafiya a ƙasa da hantsi ya biya wannan da rara.

Ƙwayoyin nan ba agogo kaɗai suke wa aiki ba. Wutsiyoyinsu sun kai sassan ƙwaƙwalwa masu kula da tsukewar ido da wartsakewa da yanayin zuciya. Za ka iya ganin aikinsu da kanka: tsaya gaban madubi a ɗaki mai duhu, haska tocila daga gefe, ƙofar idon za ta tsuke nan take, wannan sanduna da mazurarai ne suka fara. Riƙewar da ta yi ta ƙi buɗewa muddin hasken na nan, wannan melanofsin ne. A 2010 kuma aka gano cewa makafi masu ciwon ɓarin kai, in dai jijiyar idonsu na nan, haske yana tsananta musu ciwon, waɗanda aka cire wa idanu kuwa ba ya yi musu komai.

Makanta ba iri ɗaya ba ce

Wannan ya kawo mu ga waɗanda binciken ya fi shafa. Da can in ido ya daina gani, a wurin likita ya gama aiki, in yana damun mai shi a cire a sa na roba. Yanzu an san idon da cutar sanduna da mazurarai ta makantar yana iya kasancewa yana riƙe wa mai shi dare da rana, cire shi ba tare da larura ba zai ƙara masa makanta ta biyu, ta lokaci. Irin wannan makahon yana amfana da zama a haske da safe, kuma baƙin tabarau mai kauri daga fitowar rana zuwa faɗuwarta yana rage masa wannan amfanin. Hawan jinin ido kuwa su 'yan aiken yake kashewa, don haka in ya yi nisa yana iya taɓa agogon ma. Yanar ido tana tare haske tun a ƙofa, musamman shuɗi, domin madubin idon yakan rine ya yi ruwan ɗorawa da tsufa.

Wanda ya rasa hanyar gaba ɗaya, agogonsa yana tafiya shi kaɗai. Zai yi makonni yana barci lafiya da dare, sannan a hankali abin ya zame, ya koma gyangyaɗi da rana da ido biyu da dare, sannan ya zagayo ya gyaru, ya sake zamewa. 'Yan gida sukan ɗauka lalaci ne ko damuwa ko tsufa. A shekarar 2000 Robert Sack da abokansa a jihar Oregon suka ba irin waɗannan makafi bakwai ƙwayar melatonin awa ɗaya kafin kwanciya, a lokaci ɗaya kowane dare, agogon shida daga cikinsu ya tsaya a kan awa 24. Ƙwayar tana yin aikin da fitowar rana ke yi wa mai ido, ta gaya wa SCN ƙarfe nawa. Shi ya sa sa'ar shanta ta fi yawanta muhimmanci, in an sha a lokacin da bai dace ba sai ta ja agogon ta wancan ɓangaren. A 2014 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani magani, tasimelteon, musamman don wannan larura ta makafi.